Giginya ko Ɗorawa

Kaduna, 8 ga Afrilu

Zuwa ga taubashina Bunyaminu, sarkin yawon kan iyaka,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kun yi sallah lafiya, kai da iyalinka da kakarmu Hussaina da duk mutanen Geza. Mu nan lafiya lau, sai dai zafi. Maigidan yana gaishe ka, ya ce har yanzu yana jiran albasar da ka yi masa alkawari tun bara.

Na kira ka har na gaji. Duk lokacin da na buga, wata mata ce ke amsa mini da Faransanci, na gane wayarka ta fi son layin Benin fiye da 'yan'uwanta. Kaka kuwa ka san kunnenta ya yi nauyi, in na kira ta sai mu yi ta ihu kamar masu rabon gado. Shi ya sa na koma wa takarda. Zan ba Manu direba, tunda duk mako yana lodin Bagudo.

To ga labari: na koma makaranta. Kada ka yi dariya. Ta intanet ne, a waya nake karatun in na taso daga koyar da yara, malamar ma ban taɓa ganinta ido da ido ba sai a bidiyo. Darasin da na fara da shi sunansa saikoloji, wato ilimin halayyar ɗan Adam: yadda mutum ke koyo, yadda yake tunawa, da yadda yake mantawa. Wallahi da daɗi. Yanzu in na kalli irinku nakan gane abin da ke damunku.

An ba mu aikin gida, kuma shi ne rabin makin zangon nan. Za a sami dattijo a yi masa tambayoyi a kan wani abu da ya faru da daɗewa, a rubuta amsarsa, bayan mako biyu a sake yi masa tambayoyin nan dai, sannan a gwada amsoshin a ga me ya tsaya, me ya canza. Ni kuwa wa nake da shi in ba Kaka ba? Na zaɓi labarin shekarar da marigayi Kakanmu ya sare gonar fadama, don tun ina ƙarama take ba mu shi har na kusa haddacewa. Ga takardar nan na haɗo, tambayoyi goma ne, za ka ga na rubuta Gwajin Ƙwaƙwalwa a samanta. Kai za ka karanta mata, ka rubuta abin da ta ce yadda ta faɗe shi, ban da gyara.

Ka gaya wa tsohuwar nan rikitacciya jikarta ta zama masaniya, ta aiko a auna ko da sauran ƙwaƙwalwa a kanta ko duk goro ya cinye. Na san za ta rama, ka rubuto mini zagin duka, kada ka rage ko ɗaya.

Taubashiyarka,
Mashkura

Geza, 6 ga Mayu

Mashkura,

Wa alaikumus salam. Muna lafiya, Kaka ma jikinta da sauƙi, sai ƙafa da ke damunta da safe. Ki gaishe da maigidan da yara. Na daɗe ban amsa ba, ba don raini ba ne. Na rasa ta inda zan fara.

Takardarki ta iso ba ni gida. Na ƙetare ta Tsamiya da albasa, na yi kwana tara a wancan gefen. Manu bai same ni ba, sai ya miƙa wa Kaka hannu da hannu. Kin san ta, ba ta iya ajiye abin jikanta ya kwana ba a buɗe ba, kuma ba ta karanta boko. Sai ta aika anka kira Salamatu, malamar firamare, ta karanta mata. A tsakar gida anka yi, mata sun fi shida suna ɓarar gyaɗa. Salamatu ta karanta tun daga sallama har zuwa goro. Kaka ta yi dariya har da hawaye, ta ce ja'ira ɗiyar ja'ira.

Abin da ba ki sani ba, don shekara shida rabonki da nan, shi ne muna cikin rigimar gona. Ambaliyar bara ta share kunyar iyaka tsakaninmu da Badamasi, maƙwabcinmu na fadama. Da ruwa ya janye sai ya shigo da garmarshi har gindin ɗorawa. Mu kuwa mun san iyakarmu giginya ce, can gaba. Abin da ke tsakanin itatuwan nan biyu shi ne wuri mai laima, nan shinkafar da gidanga ke ci take fitowa. Mun kai ƙara wurin maigari. Duk waɗanda sunka ga saran gonar sun rasu, Kaka kaɗai ta rage, ita ce shaidarmu. Salamatu kuwa ƙanwar matar Badamasi ce.

Kafin in dawo magana ta gama gari. Wai jikar Hussaina likitar mahaukata ce a Kaduna, wai ita da kanta ta aiko takardar gwajin ƙwaƙwalwa, ta kira kakarta rikitacciya a rubuce. Kin san a nan in anka ce ƙwaƙwalwa ba a nufin tunawa, ana nufin taɓuwa. Saikolojin nan naki ma sun yanke mashi wutsiya, sun ce saiko, wato mahaukaci. Badamasi ya tsaya gaban maigari ya ce ba a karɓar shaidar wanda danginshi da kansu ke shakkar hankalinshi. Na ce wasan jika da kaka ne, wa bai san shi ba? Ya ce wasa da baki ake yi, ba a taɓa ganin wanda ya rubuta wasa ya sa mashi lamba ɗaya zuwa goma ba. Mutane sunka yi dariya, ni ban yi ba.

Aikinki dai an yi. Kaka ta ce ko gari zai tashi sai an yi, kada jikarta ta faɗi jarrabawa. Amsoshin farko Salamatu ta rubuta su ran nan a bayan takardarki, na biyu ni na rubuta shekaranjiya. Ga su duka na haɗo. Za ki ga ta yi tuntuɓen harshe a tambaya ta bakwai, inda kinka ce ina gonar ta tsaya. Ga Salamatu ta ce giginya, gare ni ta ce ɗorawa. Gajiya ce, da rana munka yi, har ma tana kirana da sunan Baba, Allah jiƙan shi. Ki gyara wurin.

Ga abin da nake so. Ki rubuto wa maigari takarda da hatimin makarantarku, ki ce kin auna Kaka kin same ta garau, abin da duk ta faɗa a kan gonar daidai ne. Ke kinka ɓata, ke za ki gyara. An sa ranar Alhamis 22 ga wata, za a fita gonar da kowa da kowa kafin a yi shuka. Kada ki ɓata lokaci.

Bunyaminu

Kaduna, 10 ga Mayu

Ɗan'uwana Bunyaminu,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ku, ina gaishe da Kaka, Allah ya ƙara mata sauƙin ƙafar. Mu lafiya, amma ni tun da na karanta takardarka abinci bai shiga cikina ba. Na yi kuka, na ji kunya, na zagi hannuna da ya rubuta kalmar nan. Wallahi ban san da rigimar gona ba. Da na sani ko labarin ɗinkin zane ne da na zaɓa. Ka roƙar mini Kaka gafara, kai ma ka yafe mini.

Amma ka saurare ni da kyau. Ni ba likita ba ce. Mako bakwai ke nan da fara karatun nan, a waya, darasi na biyar muke. Ba ni da hatimi, makarantar ma ba za ta ba ɗaliba hatiminta don shari'ar gona ba, in kuwa na ƙirƙira aka gane, ƙaryar za ta faɗa kan Kaka ne. Abin da zan iya na yi: ga wata gajeruwar takarda zuwa ga maigari, na bayyana cewa aikin makaranta ne, kalmar rikitacciya wasan jika ce, ban taɓa auna kowa ba kuma ban isa ba.

Sauran kuwa ba zan iya ba. Na shimfiɗa amsoshin nan biyu gefe da gefe, na karanta ya fi sau goma. Ba ta bakwai kaɗai ba ce, Bunyaminu. Guda uku ne suka saɓa. A na farko ta ce tana goyon babanka lokacin saran, a na biyu ta ce tana da cikin mahaifiyata, tsakaninsu kuwa shekara biyar ne. A na farko shanu biyu, a na biyu ta ce da hannu aka yi. An koya mana cewa tunanin kowa yana canzawa, har na matasa, mutum yakan ƙara ya rage bai sani ba, kuma ba ƙarya yake yi ba. Da wannan kaɗai ne da ban damu ba. Kiran da ta yi maka da sunan Kawu, babanka, wanda ya shekara tara a ƙasa, shi ya tsaya mini a rai. Sau nawa ta yi haka? Tun yaushe? Ka faɗa mini gaskiya. Ina ganin ya kamata a kai ta asibiti wani likita na gaske ya duba ta, don akwai abin da ake taimakawa in an zo da wuri.

Ba zan gyara ta bakwai ba, kuma ba zan iya rantsewa a kan maganar Kaka ba. Ina son gonar nan kamar yadda kake sonta, shinkafarta na ci na girma.

'Yar'uwarka,
Mashkura

Geza, 16 ga Mayu

Mashkura,

Mun ga takarda. Muna lafiya.

Ashe abin da anka koya maki ke nan a waya. Matar da ta goye ki wata takwas da uwarki ta kwanta ciwo, yau ke ce ba ki iya rantsewa a kan maganarta. Badamasi ma bai kira ta maƙaryaciya ba, hankalinta ya taɓa, ke kinka haɗa duka biyun. Na karanta layin nan sau uku ko zai canza, bai canza ba.

Takardarki ta maigari tana aljihuna, nan za ta zauna. Mi zan kai mashi? Takardar da ta ce ban auna ba kuma ban isa ba? Tambaya ɗaya zai yi, to ita jikar mi ta gani a amsoshin, ni kuwa in ce mi?

Asibiti kuma da kike faɗa, ranar da anka ga na ɗora Kaka a mashin na nufi Bagudo da ita, ranar an gama shari'a. Kina Kaduna kina danna waya, ba ki san yadda gari yake ba. Tambayarki ta sau nawa da tun yaushe, ba ni da amsarta. Tsohuwa ce, tsofaffi na kiran sunan matattunsu.

Kullum da safe ina zama da ita ina tuna mata, giginya, Kaka, giginya. Tana amsawa daidai. Ranar Alhamis za ta faɗa a gaban maigari, in anka kawo Alƙur'ani ta dafa, a wuce wurin. Ban gaya mata abin da kinka rubuta ba, ba ni son in ƙara mata ciwo. Kada ki sake aiko komai ta hannun Manu sai an gama.

Bunyaminu

Kaduna, 20 ga Mayu

Bunyaminu,

Assalamu alaikum. Ina fatan kuna lafiya. Ka hana ni rubutu, ga shi na rubuto, ka yi haƙuri. Na kira ka sau goma sha ɗaya tun jiya ban same ka ba. Manu ya ce motarsa tana gareji, bai san ranar tashi ba, na bar masa takardar nan ina roƙon Allah ta riga Alhamis.

Ban ce Kaka maƙaryaciya ba ce. Allah ya tsare bakina. Cewa na yi ni, Mashkura, ban san wace amsa ce daidai ba, don haka ba zan sa hannu a kan ɗaya ba. Mai yiwuwa giginyar ce, zuciyata ma ita take so. Amma ka duba abin da kake yi. In ka yi ta maimaita wa mutum abu kullum, zai zauna masa a kai har ya ɗauka tunawa ya yi, wannan a darasinmu na huɗu yake, kuma ba sai an yi karatu ba ma ka san haka ne. Ranar Alhamis in ta ce giginya, ba za ka san ko ita ce ta tuna ko muryarka ce take maimaitawa ba.

Sannan ka sa ta dafa Alƙur'ani. Matar da ko a cinikin daddawa ba ta cewa wallahi. Ka tambaye ta ita kaɗai, ba tare da ka fara faɗin sunan itacen ba, in ta tabbata to ta rantse, ni ce ta farko da zan yi guɗa. In ba ta tabbata ba, don girman Allah kada ka ɗora mata wannan a shekarunta. Tsoro nake ji, Bunyaminu, tsoro ƙwarai.

Ranar miƙa aikin ta wuce jiya, ban miƙa ba. Na rubuta wa malamar cewa a ba ni sifili. Ba zan kai kan Kaka gaban baƙi don maki ba.

Mashkura

Geza, 31 ga Mayu

Wagga takarda ba tawa ba ce. Kaka ke faɗa ina rubutawa, ta ce in na gyara ko kalma ɗaya ba ta yafe ba. Taki ta ƙarshe ranar Asabar ta iso, bayan an gama komai. Na karanta mata ita, da ta kafinta. Bunyaminu.

Ja'ira,

Ina gaishe ki, ina gaishe da mijinki da 'yan tattaɓa-kunnena. Ƙafa na nan yadda take. An yi ruwa biyu, mutane sun fara shuka.

Na ji kin ƙi ci kin ƙi sha kin bar makin makaranta ya zube. To wa ya aike ki? Ni na zauna rana ta dake ni ina amsa tambaya goma har sau biyu, ke kuma ki zubar. Ki je ki ba malamarku haƙuri ki kai mata, in ta karɓa. Kai nawa ne, ni na ba ki.

Ga yadda anka yi. Ranar Alhamis da hantsi munka fita, maigari da mutanenshi, da Badamasi, da rabin gari, don kowa na son ganin mahaukaciya. Wanga yaron ya riƙe mani hannu yana raɗa mani giginya tun daga ƙofar gida. Munka isa gindin ɗorawa na tsaya, na ga kakanku a nan yana ɗaura gatari. Munka ƙarasa giginya na tsaya, na gan shi nan ma, da riga guda, da gatarin nan dai. Na duba baya na duba gaba. Duk biyun a gare ni gaskiya ne.

Maigari ya sa anka kawo Littafi, ya ce Hussaina, ina iyaka? Bakina ya cika da giginya, saura in buɗe shi. Sai na tambayi kaina, ni na gani ko gaya mani anka yi? Na ce ranka ya daɗe, a da na sani, yau ban sani ba. Ya sake tambaya, na sake faɗa. Tunda mu munka kai ƙara kuma shaidarmu ta faɗi, anka ba Badamasi rantsuwa, ya dafa, ya ɗauka. Tsakaninshi da Allah, wataƙila ma shi ke da gaskiya. Yanzu daga ɗorawa gonarmu ta tsaya.

Wanga da ke rubutu kwana uku bai yi mani magana ba. Na ga yana kallon rumbu. Ina jin ciwon abin, Mashkura, shinkafar 'ya'yanshi ce na bari a gindin itace, kuma ba ni da ƙarfin da zan noma masu wata. Amma kada ku yi gaba a kaina. Shi tsoron yunwa ya ji, ke tsoron Allah kinka ji mani, dukanku nawa ne.

Kuma ki daina cewa takardarki ta ja. Ba ta ja komai ba. Tun damanar bara na san abin ya fara. Nakan shiga ɗaki in rasa mi ya kai ni, na taɓa idar da sallah in rasa wace ce na yi. Na ɓoye, don ina jin kunya, kuma don na san gonar a kaina take rataye. Mutanen gidanga sun gani sun kau da ido saboda ƙauna. Ke da kike nesa kinka tambaya sau nawa, tun yaushe. To ga amsa, sau da yawa, tun bara. Na yarda a kai ni wurin likitan bayan sallah, yanzu ba sauran abin da za a ƙwace.

Tambaya goma ta yi kaɗan. Akwai labarin uwarki tana yarinya da ban taɓa ba kowa ba, akwai sunayen mutanenmu na wancan gefen iyaka da in na tafi da su ba mai sanin muna da dangi can. Ki zo da babban littafi da alƙalami biyu. Kada ki ce sai hutun ƙarshen shekara. Da munka fara wagga takarda na ce mashi ya rubuta ja'ira, ya ɗauka wasa ne, ni kuwa sunanki ne ya ɓace mani, sai da ya karanto shi daga ƙasan takardarki. Ki biyo Manu ki zo babbar sallar nan, tun ina gane ki in kin shigo.

Kakarki,
Hussaina